Faifai, Duhu da Dusar Ƙanƙara: Yadda Ake Golf na Faifai da Dare a Ƙasashen Sanyi

A ranar 21 ga Disamba, rana kan fito a Helsinki, babban birnin Finland, wajen ƙarfe tara da minti ashirin da biyar na safe, ta faɗi da misalin uku da kwata na yamma. Yinin bai cika awa shida ba ke nan. Idan aka nausa arewa zuwa Oulu, awa uku da rabi ne kacal. A Utsjoki kuwa, can ƙurewar ƙasar, rana kan shafe kimanin kwana 50 ba ta leƙo ba. Mu da yininmu mafi gajarta a Kano ya haura awa 11, sai mun tsaya mun yi lissafi kafin mu gane halin da ma'aikaci yake ciki a can: ya shiga ofis da duhu, ya tashi ƙarfe huɗu ya tarar da duhu na jiransa. Duk wasan da yake sha'awar yi a fili a ranakun aiki, daga Nuwamba har Fabrairu, ko dai ya yi shi da dare a kan dusar ƙanƙara, ko ya haƙura sai bazara.

Masu wasan golf na faifai da yawa ba sa haƙura. Abin da nake son in warware a nan shi ne yadda suke yi, domin al'amarin ya fi ƙarfin a ce mutum ya sa rigar sanyi ya riƙi tocila. Matsaloli uku ne suka haɗu wuri guda, sanyi da duhu da dusar ƙanƙara, kuma kusan duk maganin da aka nemo wa ɗaya sai ya ƙara tsananta wata.

Ga wanda bai san wasan ba, ga yadda yake. Ana jefa wani faifai ne na roba, mai faɗin santimita 21 ko ɗan fiye, wanda nauyinsa ba ya wuce giram 200 bisa doka. Abin da ake nufa da jifan shi ne wani kwandon ƙarfe da ke kafe a jikin turke, sarƙoƙi na reto a samansa. Faifan ya daki sarƙoƙin, su kashe masa gudu, ya faɗa kwando. Fili kan ƙunshi zango 9 ko 18, kowane zango da wurin fara jifa da kwandonsa, galibi da tazarar mita 60 zuwa 150 a tsakani, ga bishiyoyi da tudu da kwari. Inda faifanka ya sauka, daga nan za ka sake jifa. Wanda ya kammala da mafi ƙarancin jifa shi ya ci. Wani Ba'amurke mai suna Ed Headrick ne ya tsara fili na farko na dindindin a lambun Oak Grove da ke yankin Pasadena a Kalifoniya a 1975, ya kafa ƙungiyar PDGA mai kula da dokokin wasan a 1976, ya kuma yi rajistar kwandon sarƙa a 1977. An haifi wasan a ƙasar rana, amma ya je ya yi saiwa a ƙasashen sanyi. Finland mai mutum miliyan biyar da rabi da ɗoriya tana da filaye sama da 1,000, tun daga na farko da aka buɗe a unguwar Meilahti ta Helsinki a 1983. Ɗaya daga cikin manyan kamfanonin yin faifai, Latitude 64, yana garin Skellefteå ne a arewacin Suwidin, sunansa ma daga layin taswirar da garin yake kai aka samo shi.

Mu fara da sanyi, tun da shi ne mutane suka fi yi wa gurguwar fahimta.

Kowa ya yarda faifai ba ya nisa a hunturu kamar yadda yake yi da rani, kuma akasari iska ake ɗora wa laifin. Akwai gaskiya a ciki. Iska mai sanyi ta fi mai zafi kauri: a digiri 25 na ma'aunin Salshiyas, kowace mita ɗaya ta tsawo da faɗi da zurfi tana ɗauke da iska mai nauyin kilo 1.18, amma a digiri 10 ƙasa da sifili nauyin ya kai kilo 1.34. Ƙarin kusan kashi 13 cikin ɗari ke nan, kuma gwargwadon kaurin iska gwargwadon turjiyar da take yi wa faifai. Sai dai wannan kaurin yana kuma ƙara tallafe faifan a sama, don haka ba duka asara ba ce. A ganina mafi yawan nisan da ake rasawa daga jikin mai jifa yake zubewa. Mutum ya jibga riga uku, kafaɗarsa ba ta juyawa yadda ta saba. Yatsunsa sun sandare, robar faifan ta taurare ta yi santsi, riƙon bai kama ba. Uwa uba, ƙafa. Ƙarfin jifa daga ƙasa yake tasowa: ɗan wasa ya ɗan taka da gudu, ya dasa ƙafar gaba, ƙugu ya juya, sannan hannu ya biyo baya kamar bulala. A kan daɓen siminti da ƙanƙara ta lulluɓe, ba mai hankalin da zai dasa ƙafa da dukan ƙarfinsa, domin gwiwa ce za ta biya kuɗin. Shi ya sa ƙwararru kan bar gudun gaba ɗaya su yi jifa a tsaye, wasu kuma su ɗaura wa takalmansu ƙananan ƙusoshi, ko da yake su ma ƙusoshin idan suka cije ƙasa sosai ƙafa ta kasa juyawa, gwiwar ce dai ke shan wuya.

Rage ƙarfin jifa kuma yana sauya hanyar da faifan yake bi, ba nisansa kaɗai ba. Idan na-dama ya jefa faifai da bayan hannu, yana juyi ne kamar katantanwa ta ɓangaren da hannun agogo ke bi. Yayin da yake da cikakken gudu yakan ɗan karkata dama, idan gudun ya fara mutuwa sai ya lanƙwasa hagu ya faɗi. Kamfanin Innova, wanda Dave Dunipace da abokansa suka kafa a 1983, shi ya yaɗa tsarin lambobi huɗu da ake bugawa a jikin faifai don nuna gudun da yake buƙata, daɗewarsa a iska, karkatarsa dama da lanƙwasarsa hagu. Faifan nesa mai kaifin baki da faɗin gefe an ƙera shi ne don hannu mai ƙarfi. Idan ba a ba shi gudun da yake nema ba, tun da wuri zai yanke hagu ya nufi daji. Da rana a kan ciyawa wannan ƙaramar asara ce. Da dare a cikin dusar ƙanƙara mai kai wa gwiwa, ta yiwu rabuwarka da faifan ke nan. Don haka in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza: ana ajiye faifan nesa a gida, a ɗauki masu dakusasshen baki da ake amfani da su a matsakaicin zango ko kusa da kwando, masu tafiya miƙe ko da ba a matsa musu ba. Ana kuma zaɓen roba mai laushi wadda ba ta taurarewa, irin su GStar ta Innova ko Frost ta Latitude 64, domin roba mai araha idan ta daskare ta daki bishiya tana iya tsagewa.

To, sai duhu. A nan ne abin ya fi ban sha'awa, kuma a nan ya fi rikicewa.

Duk wanda ya taɓa riƙe carbi mai haske a ɗaki bayan an ɗauke wuta ya san tushen dabarar. Ana cuɗa robar faifan da wani gari mai shan haske ya riƙe, sannan ya riƙa sakinsa sannu a hankali. A da sinadarin zink salfaid ake amfani da shi, haskensa ba ya daɗewa. A 1993 kamfanin Nemoto na Japan ya fito da sitirontiyam aluminet, wanda ya ninka na da haske kusan sau goma kuma yake jimawa awanni. Shi ne a cikin mafi yawan faifan dare na yau. Kafin kowace jifa ɗan wasa yakan haska faifansa na ɗan lokaci da irin tocilar nan mai shuɗin haske da ake duba takardun kuɗi na jabu da ita, sai faifan ya ɗauki kore shar. An kuma yi dace, domin ƙwayoyin idon da muke gani da su cikin duhu sun fi jin haske mai launi tsakanin shuɗi da kore, kusa da launin da wannan sinadari yake fitarwa.

Ga inda sanyi ya shigo ya ɓata lissafi. Hasken da garin ya sha yana maƙale ne a wasu ƙananan tarkuna a cikin ƙwayoyinsa, kuma ɗumi ne yake girgiza shi ya fito. Idan aka yi sanyi sosai girgizar ta ragu, hasken ya riƙa fita da ƙyar: zai daɗe, amma dishi-dishi. Haka sandunan nan na roba da ake karyawa su yi haske, waɗanda akan rataya a jikin kwando don a hango shi daga nesa. Haɗuwar sinadarai biyu ce ke ba su haske, sanyi kuwa yana rage wa haɗuwar sauri. Sai aka koma ga 'yan mitsi-mitsin fitilun LED masu aiki da batir irin na agogo, a manna ɗaya a tsakiyar faifan da salatif. Sun fi haske nesa ba kusa ba, kuma ko faifan ya nutse kaɗan, sukan rina dusar da ke samansa da ja ko kore a gane wurin. Amma batir ma yana raunana a sanyi, salatif kuma ba ya kama roba mai sanyi ko mai laima. Faifai ya daki reshe, fitila ta yi gabas tana ta ƙyalli, faifan ya yi yamma cikin duhu, mai shi ya bi fitila.

Maganin wannan shi ne a manna fitilar tun a gida, faifan na bushe kuma da ɗuminsa. Amma kada a fita da shi da ɗumin. Faifai mai ɗumi idan ya faɗa dusar ƙanƙara yakan narkar da wadda ta taɓa shi, ruwan ya sake daskarewa a jikinsa, ya zama ɓawon ƙanƙara mai santsi da ke sauya nauyinsa da tafiyarsa. Saboda haka bayan an manna a ɗaka, sai a fitar da jakar waje ko a bar ta a but ɗin mota ta yi awanni, faifan ya yi sanyi daidai da filin, dusa ta riƙa zamewa daga jikinsa kamar gari. Hannu a ɗumama shi, faifai a sanyaya shi. Wanda ya cusa faifansa cikin riga don tausayi ya cuci kansa.

Akwai wani cin karon kuma game da launi. Da rana a kan farar dusa, faifan da ya fi sauƙin gani shi ne ruwan hoda mai ƙarfi, ko ruwan goro, ko ja. Robar da ke haske da dare kuwa galibi fara-fara ce ko kore mai dusashewa, tun da rini mai duhu yana tare hasken. Ma'ana, da zarar hasken faifan ya mutu, abin da kake nema fari ne a cikin fari. In ka ce bari ka kunna babbar tocila, ka jawo wata asarar: idon mutum yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, farin haske na 'yan daƙiƙoƙi kuma ya isa ya rushe wannan sabon, ba naka kaɗai ba, har na duk wanda ke kusa da kai. Ga shi hasken tocilar yana danne ɗan koren da kake fatan hangowa. Wannan ne ya sa a wasan dare haska fuskar mutum da farar tocila babban rashin ladabi ne. Jan haske ake amfani da shi wajen duba jaka ko rubuta maki, domin bai cika taɓa ƙwayoyin ganin dare ba.

Sai dai dusar ƙanƙara ba gaba ɗaya abokiyar gaba ba ce, kuma wannan shi ne abin da wanda bai taɓa ganinta ba zai yi mamaki. Sabuwar dusa tana mayar da kashi 80 cikin ɗari ko fiye na hasken da ya sauka a kanta. Cikakken wata kuma kullum yana kishiyar rana ne a sararin sama, don haka a tsakiyar hunturu, lokacin da rana ke rarrafe a gindin sama, shi wata can ƙoli yake hawa ya daɗe. Idan aka haɗa farin wata da farar ƙasa, mutum yana iya ganin bishiyoyi da inuwarsu da kwando ba tare da fitila ba. Mu da muka san daɗin wasan dandali a daren sha huɗu ba sai an yi mana dogon bayani ba. A kusa da birane ma, gajimare kan dawo da hasken fitilun titi ƙasa, dusa ta sake mayar da shi sama, dare ya yi wani irin ja-ja mai haske. Dusa mai laushi tana kuma shanye ƙara, daji ya yi tsit, ta yadda ƙarar sarƙa idan faifai ya shiga kwando takan kai kunne tun ido bai tabbatar ba.

Babbar fitinar dusa ita ce haɗiye faifai. A kan ciyawa faifai yakan yi tsalle ko ya gangara ya kwanta a sarari. A cikin dusa mai laushi kuwa yanka ta yake yi kamar wuƙa, ya bar 'yar siririyar tsaga, ya ci gaba da tafiya a ƙarƙashi. Inda ya shiga daban, inda ya tsaya daban. Idan kuma saman dusar ya daskare ya yi ɓawo, sai ya zame ya wuce kwando da nisa. Tsagar nan ita ce kaɗai shaida, don haka mafi munin abin da 'yan rukuni za su yi shi ne su ruga wurin su tattake shi da sawu. Ana tunkarar wurin ne a layi ɗaya, a tsaya daga nesa a ɗora jan haske ko na tocila a kwance daf da ƙasa, domin haske a kwance yana sa ƙaramar tsaga ta yi inuwa. Wata dabarar ita ce manna siririn ƙyalle mai tsawon kamu biyu zuwa uku a tsakiyar faifan, in ya nutse jelar ta rage a waje. Wasu kan barbaɗa garin alli mai launi a cikin faifan ya bar tabo inda ya sauka. Jelar tana rage nisa, amma wanda ya yarda ya yi jifa a tsaye ya riga ya sallama nisa.

Dokokin PDGA sun san da wannan duka. A ƙa'ida haramun ne a liƙa wa faifai wani abu, amma an yi togaciya: idan shugaban gasa ya ayyana cewa wasan dare ne ko na dusar ƙanƙara, an halatta fitila ko ƙyalle ko garin alli. Dokar ɓatan faifai kuwa tana nan daram. Minti uku ake bayarwa a nema, in ba a gani ba a ƙara wa mai shi jifa ɗaya a matsayin hukunci, ya koma inda ya yi jifan baya. Abin da ya fi burge ni a dokar shi ne ta wajabta wa duk 'yan rukunin su taya neman, har da wanda zai amfana in ba a gani ba. Da rani wannan sharaɗi ne da ake cikawa a wuce. A daren hunturu shi ne ginshiƙin wasan. Mutum ɗaya yakan yi gaba ya tsaya a gefen hanya ya zuba ido, sauran su yi shiru su bi ɗigon hasken har ya ɓace, kowa ya riƙe bishiyar da ya ga ya wuce. Wanda ya fita shi kaɗai ba zai gama zango tara da faifansa cikakku ba.

Kuma bai kamata ya fita shi kaɗai ba, ko da faifan kyauta ne. A Amurka akwai wata al'ada mai suna Ice Bowl, wadda Rick Rothstein ya fara a garin Columbia na jihar Missouri a watan Janairun 1987. Gasa ce ta tsakiyar hunturu da ta bazu zuwa garuruwa masu yawa, kuma daga 1996 aka mayar da ita hanyar tara kuɗi da abinci don ciyar da mabuƙata, har an tara miliyoyin daloli. Takenta shi ne ba a son rago ba a son mai ƙorafi, kuma ƙa'idarta ba a ɗage ta saboda yanayi. Ina ganin kyawun wannan ruhi, musamman da yake cikin mai yunwa ne ke amfana. Amma galibin waɗannan gasanni da rana ake yin su, cikin jama'a, ga wuta ga abinci mai zafi. Ɗaukar wannan take a shiga da shi daji da dare kuskure ne. Idan sanyi da kaɗawar iska suka haɗu suka kai kwatankwacin digiri 28 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti 30 ko ƙasa da haka, hannun jifa kuwa dole a tuɓe shi a kowace jifa. Shi ya sa ake sa safar hannu mai aljihu ɗaya wadda yatsu ke zama tare, a cire a jefa a mayar nan take, a kuma ajiye ƙunshin garin ƙarfen nan da ke yin ɗumi idan iska ta shige shi. Tufafin auduga, da muka fi so a ƙasarmu saboda zafi, a can haɗari ne: yana shan gumi ya riƙe, tafiya cikin dusa mai zurfi kuwa tana sa gumi, da an tsaya jiran wani ya yi jifa sai jiƙaƙƙen tufafin ya fara zuƙe ɗumin jiki. Ulu ko yadin roba ake sawa a jikin fata.

Tafkuna su ne tarkon da ya fi muni. Filaye da yawa suna da kududdufi a tsakiyar zango, kuma faifai mai haske da ke kwance a kan daskararren ruwa, taku goma daga gaɓa, yana kiran mai shi. Hukumomin jihar Minnesota ta Amurka suna ba da shawarar kada a taka ƙanƙarar tafki sai sabuwa ce garau mai kaurin santimita 10 aƙalla. Dusa kuma bargo ce, tana hana ƙanƙarar da ke ƙarƙashinta yin kauri, tana kuma ɓoye inda ta yi rauni. Da dare ba yadda za a yi ido ya tantance. A bar faifan.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabta. A Finland filaye da dama suna cikin dazuzzukan da ake shata hanyoyin zamiya a kan dusar ƙanƙara idan hunturu ya shigo, har da fitilu a gefensu. Fitilun suna jan hankalin mai faifai, amma sawun takalmi yana lalata hanyar da aka gyara da inji, faifai mai tauri kuma yana iya raunata mai zamiya da ya ɓullo daga kwana. Don haka wasu filayen rufe su ake yi ɗungurungum har sai dusa ta narke, wasu a sauya musu tsari. Inda aka bar su a buɗe, 'yan sa-kai ne ke zuwa da shebur su share daɓen jifa, su barbaɗa yashi maimakon gishiri, tun da gishiri yana cin siminti yana ƙona ciyawa, su kuma kakkaɓe sarƙoƙin kwando, domin sarƙar da ƙanƙara ta manne ta zama sanda, faifai ya dake ta ya dawo.

Duk da wannan taka-tsantsan, faifai yana ɓata. Doka ta ce kowane ɗan wasa ya yi wa nasa alamar da za a gane shi, al'ada kuma ta sa ana rubuta suna da lambar waya a cikinsa da alƙalami mai tawada marar gogewa. A watan Afrilu, idan dusa ta fara janyewa daga dazuzzukan Finland da Minnesota, sai fayafayan da suka ɓata su riƙa ɓullowa ɗaya bayan ɗaya a gindin bishiyoyi da bakin tafki, wasu da jelar ƙyallensu, wasu da 'yar fitilar da batirinta ya mutu tun Janairu. Filaye da yawa suna da akwatin da ake jefa irin waɗannan a ciki, sai wani ya zauna da waya ya bi lambobin yana kira.